Hidetoshi Nakata ya bar ƙwallo yana da shekara 29: gaggawa ya yi, ko lokacinsa ne ya yi?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wata magana da ta taso mana jiya a gidan kallo bayan an tashi wasa, ba mu kai ƙarshenta ba mai gidan ya kashe janareta, shi ya sa na ga ya dace in kawo ta nan inda za a iya yin ta a natse. Na ce a cikin 'yan wasan tsakiya da ƙasar Japan ta fitar babu kamar Hidetoshi Nakata, sai wasu matasa suka yi mini caa, suna cewa mutumin da ya ajiye ƙwallo yana da shekara 29 bai isa a ɗora shi a kan waɗanda suka kai shekara arba'in suna bugawa ba.

Ga hujjata. An haifi Nakata a garin Kofu ranar 22 ga Janairun 1977, ya shiga ƙungiyar Bellmare Hiratsuka a 1995, shekara biyu kacal bayan an kafa gasar ƙwararru ta ƙasar. A lokacin Japan ba ta taɓa zuwa gasar cin kofin duniya ba ko sau ɗaya. Ranar 16 ga Nuwamban 1997 suka haɗu da Iran a birnin Johor Bahru na Malesiya, wanda ya yi nasara ya samu gurbin zuwa Faransa, kuma Japan ta ci 3 da 2 a ƙarin lokaci. Duka ƙwallaye ukun nan da hannun Nakata a ciki: shi ya miƙa wa Nakayama ta farko, shi ya ɗago wa Jo ta biyu ya sa kai, sannan shi ya buga wadda golan Iran ya amayar, Okano ya bi ya ƙarasa. Yaro ne ɗan shekara ashirin a ranar. An zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Asiya a 1997, aka sake zaɓensa a 1998, ya tafi Perugia a Italiya, a wasansa na farko ya zura wa Juventus ƙwallo biyu duk da cewa an ci su 4 da 3, kuma ya gama kakar da ƙwallo 10 a gasar da a wancan zamani ake ganin babu mai tsaurin tsaron baya kamarta. Abin da nake so mu tattauna shi ne, shin barin da ya yi da wuri ya rage masa daraja, ko kuwa abin da ya yi cikin shekara goma sha ɗaya ya wadatar?

Nura:
Wa'alaikumus salam, Malam. Ina cikin waɗanda suka ja da kai jiya, kuma har yanzu ina kan bakata, tare da girmamawa. Idan muka ɗauke Perugia muka ajiye gefe, me ya rage? A Roma wasa 30 ya buga a gasar cikin kaka ɗaya da rabi, ya ci 5, mafi yawan lokaci yana zaune a benci yana kallon Totti. A Fiorentina ya yi kaka guda bai ci ko ɗaya ba a gasar. A Bolton ƙwallo ɗaya ya ci. Wannan ba tarihin wanda yake hawa ba ne, tarihin wanda ya fara da ƙarfi ne sannan ya yi ta sauka, kuma a ganina ya lura da saukar ne ya janye tun kafin a sallame shi.

Alhaji Ɗanjuma:
Ku ba ni dama in sa baki, domin ni na ga yaran nan da idona, ba a talabijin ba. A watan Afrilun 1999, lokacin da Najeriya ta karɓi baƙuncin gasar matasa 'yan ƙasa da shekara ashirin ta duniya, ina aiki a Bauchi, kuma Japan ta buga wasanninta da Amurka da Ingila a filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa, bayan ta yi na farko da Kamaru a Kano. Na shiga na Ingila, na zauna a ɓangaren da babu rumfa, da jarida a kaina saboda rana, ga zafin bazara wanda mu kanmu 'yan gari muke kuka da shi. Mun shigo ne da zaton Turawan nan za su yi musu kaca-kaca, sai ga gajerun yara suna karɓar ƙwallo da taɓawa ɗaya suna saki, babu mai riƙe ta, babu mai tsayawa yana jira. Suka ci Ingila 2 da nema, kuma kafin a tashi mutanen da ke kusa da ni duk sun koma bayansu. Na tuna akwai Nakata a cikinsu. Saboda haka, Nura, kada ka auna mutanen nan da yawan ƙwallon da suka ci kawai, aikin ɗan tsakiya ba ya fitowa duka a lissafi.

Malam Habibu:
Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya, wannan shaida ce mai nauyi. Gyara ɗaya kawai zan yi, da izininka. Nakatan da ka gani a Bauchi Koji Nakata ne, wanda ya yi suna a Kashima Antlers, ba su da dangantaka da Hidetoshi sai sunan da ya zo ɗaya. Hidetoshi a lokacin ya wuce shekarun gasar, yana Perugia. Waɗanda ka gani su ne su Shinji Ono da Yasuhito Endo da Ogasawara da Takahara, ƙarƙashin Philippe Troussier, Bafaranshen da ya horar da Super Eagles a 1997, kuma sun kai har wasan ƙarshe a Legas inda Sifaniya ta su Xavi ta ci su 4 da nema.

Amma shi ma Hidetoshi ya gamu da Najeriya, har sau biyu tun yana yaro. A 1993 yana cikin tawagar Japan ta 'yan ƙasa da shekara goma sha bakwai da su Kanu da Oruma da Babayaro suka fitar da ci 2 da 1, a hanyarsu ta ɗaukar kofin a can Japan. Sannan a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 rukuni ɗaya muke da su. Sun ci Birazil 1 da nema a Miami, mu muka ci su 2 da nema, suka ci Hungari 3 da 2, aka tashi ƙasashe uku kowace da maki shida, bambancin ƙwallaye ne ya fitar da Japan, Najeriya kuma ta wuce har ta ɗauko zinariya.

Alhaji Ɗanjuma:
Na karɓi gyara, Malam, na gode. Shekaru sun ja, sunan ne ya zauna mini a kai.

Malama Rabi:
Ina bin maganar tun farko, kuma ina ganin Malam Habibu ya tsallake wani mutum da bai kamata a tsallake ba, wato Shunsuke Nakamura. Idan ana maganar abin da ɗan wasa ya kawo wa ƙasarsa a hannu, Japan ta ɗauki kofin Asiya a 2000 a Labanon, ta sake ɗauka a 2004 a Sin, kuma Nakata ba ya cikin tawagar ko ɗaya daga cikinsu, alhali Nakamura yana nan a duka biyun, har shi aka zaɓa gwarzon gasar ta 2004. Wannan mutum ne da Troussier ya cire sunansa daga tawagar gasar cin kofin duniya ta 2002, gasar da aka yi a ƙasarsa, a gaban iyayensa da maƙwabtansa. Wani da hakan ta same shi da ya karaya, shi kuwa ya tattara ya tafi Reggina ya yi shekara uku a ƙungiyar da kullum fafutukar kauce wa faɗuwa take yi, daga nan ya wuce Celtic a 2005. Duk wanda ya kalli gasar zakarun Turai a 2006 zai tuna bugun tazarar da ya yi wa Manchester United sau biyu, ɗaya a Old Trafford, ɗaya a Gilasgo a watan Nuwamba, wadda ta ba su nasarar 1 da nema ta kai su zagaye na gaba. Ya buga wa Japan wasa 98 ya ci 24, Nakata kuwa wasa 77 ya ci 11. An ba shi gwarzon gasar Japan a 2000, aka sake ba shi a 2013, shekara goma sha uku tsakani, kuma bai ajiye ƙwallo ba sai 2022 yana da shekara 44. Ni a wurina wanda aka wulaƙanta ya jure ya dawo ya fi wanda ya gaji ya tafi.

Malam Habibu:
Malama, ban raina Nakamura ba, ƙafar hagunsa ba ta da tamka a Asiya. Sai dai ina so mu duba inda kowa ya yi nasa. Gasar Sikotilan ta lokacin ƙungiya biyu ce ke rabon kofi a tsakaninsu, Italiya ta shekarar 2001 kuwa ita ce matattarar manyan duniya.

Nura ya ce Nakata benci ya yi ta ɗumamawa a Roma, to bari mu yi maganar bencin nan dalla-dalla. Abu biyu ne suka zaunar da shi. Na farko, gurbin da ya fi ƙwarewa a kai, wato bayan 'yan gaba, shi ne gurbin Francesco Totti, kyaftin kuma ɗan gari, wanda babu kocin da zai zaunar da shi a birnin Rum ya kwana lafiya. Na biyu, akwai doka a lokacin da ta hana ƙungiya sa fiye da mutum uku waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba a wasa guda, Roma kuwa cike take da 'yan Kudancin Amurka, saboda haka sau da yawa ko bencin ma ba ya samu. An soke dokar kwanaki kaɗan kafin 6 ga Mayun 2001, ranar da Roma ta je Turin wajen Juventus tana gaba da maki shida. Minti shida da fara wasa Del Piero da Zidane sun riga sun ci biyu. Bayan an dawo hutun rabin lokaci Fabio Capello ya yi abin da ba a saba gani ba, ya cire Totti ya sa Nakata. Saura minti goma sha ɗaya a tashi Nakata ya ƙwace ƙwallo a tsakiya, ya taho da ita, ya ɗirka daga nesa ta wuce Van der Sar ta shige sama. A cikin mintunan da alƙalin wasa ya ƙara ya sake ɗirkawa, Van der Sar ya kasa riƙewa, Montella ya bi ya farke, aka tashi 2 da 2. To ku yi lissafi da kanku: Roma ta gama kakar da maki 75, Juventus da 73. Da an ci Roma a daren nan, da ta tashi da 74, Juventus da 75. Kofin da Roma ta yi shekara goma sha takwas tana nema, tun 1983, rabin sa'ar Nakata tana cikin abin da ya kawo shi. A shekara mai bi kuma, yana Parma, ƙwallon da ya ci Juventus a Turin a wasan farko na ƙarshen kofin Coppa Italia, wanda aka ci su 2 da 1, ita ce ta ba su kofin bayan sun ci 1 da nema a gida, saboda a lokacin ƙwallon waje tana da fifiko.

Nura:
Na yarda daren Turin babban dare ne, Malam, na kalli hoton bidiyonsa ba sau ɗaya ba. Amma lissafin makin nan bai cika ba, domin da Roma ta sha kashi a ranar, da sauran wasannin ba haka za a buga su ba, kowace ƙungiya da irin ƙoƙarin da za ta yi. Kuma maganar da ake yawan yi cewa shi ya buɗe wa Japanawa ƙofar Turai, ita ma tana bukatar gyara. Yasuhiko Okudera ya je Cologne tun 1977 ya ɗauki kofin Jamus a 1978, Kazuyoshi Miura kuma ya riga shi zuwa Italiya, ya buga wa Genoa a kakar 1994 zuwa 1995.

Malam Habibu:
Gaskiya ne sun riga shi, amma ka duba abin da ya biyo bayan kowannensu. Bayan Okudera 'yan kaɗan ne kawai suka bi sahunsa. Miura ƙwallo ɗaya ya ci a Genoa ya koma gida bayan kaka guda, abin da ya ƙara wa masu cewa ana sayen Japanawa ne don tallan riga ƙarfin gwiwa. Bayan ƙwallaye goman Nakata kuwa, cikin shekara huɗu Nanami ya je Venezia, Ono ya je Feyenoord har ya ɗauki kofin UEFA a 2002, Inamoto ya je Arsenal, Nakamura ya je Reggina. Shi kansa Nakamuran da Malama take yabo, hanyar da Nakata ya share ya bi zuwa Italiya.

Mamman Maraɗi:
Gaisuwa ga manya. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai game da Nakata ba ƙwallayensa ba ne, alaƙarsa da tawagar ƙasarsa ce. A watan Yunin 2001, a gasar zakarun nahiyoyi da aka yi a Japan da Koriya ta Kudu, shi ya ci Ostireliya da bugun tazara cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya a Yokohama, ya kai Japan wasan ƙarshe. Sai ya hau jirgi ya koma Italiya domin a ɗauki kofin Roma da shi, ya bar abokansa suka fuskanci Faransa ba shi, Vieira ya ci su 1 da nema, kuma Troussier bai ɓoye ɓacin ransa ba. Ina iya fahimtar dalilinsa, kofin gasar Serie A ba kullum ake samunsa ba, amma wannan ya nuna mini mutum ne mai yanke wa kansa shawara shi kaɗai, ko da jama'a ba su so. Ku kwatanta da Endo, wanda Alhaji ya gani a Bauchi. An tafi da shi gasar cin kofin duniya a Jamus a 2006 bai taka fili ko na minti ɗaya ba, bai yi fushi ya ajiye ba. Ya zauna a Gamba Osaka ya ɗauki kofin zakarun Asiya a 2008, aka ba shi gwarzon Asiya a 2009, a 2010 kuma yana tsakiyar filin da suka ci Kamaru 1 da nema a Afirka ta Kudu, sannan ya ci Danmak da bugun tazara suka fito daga rukuni. Wasa 152 ya buga wa Japan, babu wanda ya kai shi, kusan ninki biyu na Nakata ke nan, kuma bai taɓa buga wa wata ƙungiyar Turai ba.

Malama Rabi:
Wannan ita ce maganar da nake nufi, Malam Mamman. A 2010 Nakata yana da shekara 33 ne kawai. Da ya daure, da yana cikin tawagar da ta kai zagaye na biyu har sai da Faraguwai ta fitar da su da bugun fanareti, kuma wa ya sani ko gogewarsa ce abin da suka rasa a ranar.

Alhaji Ɗanjuma:
'Yata, a nan zan saɓa miki kaɗan. Na kalli wasannin Japan uku na 2006 a talabijin, kuma wanda ya kalle su ya san abin da ya karya mutumin nan. Suna gaba da Ostireliya da ci ɗaya, wanda Nakamuranki ya ci, har saura minti shida a tashi, sai aka zura musu uku a jere. Suka yi canjaras da Kuroshiya babu ci. Ranar 22 ga Yuni a Dortmund suka fara cin Birazil ta hannun Tamada, aka rama musu da huɗu, Ronaldo ya ci biyu. Da aka busa tashi kowa ya yi musabaha ya nufi ɗakin canza kaya, shi kuwa ya je da'irar tsakiyar fili ya kwanta rigingine, ya rufe fuska da rigar ɗan Birazil da suka yi musaya, ya daɗe a haka filin yana watsewa. A ranar na ce wa yarana wannan ba kukan wasa ɗaya ba ne. Ranar 3 ga Yuli ya sanar a shafinsa na intanet cewa ya bari, ya kuma bayyana cewa tun kimanin wata shida kafin gasar ya yanke shawarar. Ke nan ba fushin Birazil ba ne, ya shiga gasar ne yana sane ita ce ta ƙarshe, ya zuba duk abin da ya rage masa, bai samu abin da ya nema ba. Na yi aikin gwamnati shekara talatin da biyar, na ga mutanen da zuciyarsu ta bar ofis tun da daɗewa amma jikinsu yana zuwa kullum saboda albashi, kuma na ga irin ɓarnar da hakan ke yi wa na ƙasa da su. Wanda ya ce ya daina jin daɗin aikin, ya tashi ya ba wani wuri alhali ana son biyansa, ni ba zan kira shi rago ba.

Nura:
Baba, na ji wannan, kuma ta shige ni. Amma ina da tambaya ga Malam Habibu game da Bolton, tunda a can ne yawancinmu muka fi ganinsa, saboda Okocha. Idan har yana da sauran ƙarfi, me ya hana shi haskawa a wurin?

Malam Habibu:
Ka tuna irin ƙwallon da Bolton take bugawa ƙarƙashin Sam Allardyce, dogayen ƙwallaye ne daga baya zuwa kan Kevin Davies, da jifa mai nisa daga gefe, sannan a bi ta biyu da ƙarfi. Nakata kuwa ɗan wasa ne da yake son ƙwallo a ƙasa, ya ɗaga kai ya soka ta tsakanin masu tsaron baya da ƙarfi, irin wadda dole ɗan gaba ya riga ya fara gudu kafin a sake ta. Idan ƙwallo tana wucewa ta saman kanka, wannan baiwar ba ta da wurin fita. Aro aka kawo shi daga Fiorentina na kaka guda, 2005 zuwa 2006, ya buga wasa 21 a gasar, ƙwallonsa ɗaya kuma bugun tazara ce a ragar West Brom. Tun a Parma ma matsalar ta fara, lokacin da Prandelli ya mayar da shi gefen dama, har sai da Carlo Mazzone, wanda ya san shi tun Perugia, ya karɓe shi aro a Bologna a farkon 2004 ya dawo da shi tsakiya, wasansa ya farfaɗo. Ban ce Nakatan 2006 shi ne na 1999 ba, Nura, a nan kana da gaskiya. Abin da nake cewa shi ne a shekarar 2004, da Pele ya fitar da jerin manyan 'yan wasa masu rai na bikin cikar FIFA shekara ɗari, mutum biyu ne kawai daga Asiya, shi da Hong Myung-bo na Koriya ta Kudu, kamar yadda Okocha ne kaɗai daga Najeriya, kuma Nakata da Okocha sun zauna a ɗakin canza kaya ɗaya a kakarsu ta ƙarshe a Bolton.

Malama Rabi:
Zan yarda da Malam a kan abu ɗaya, cewa babu ɗan Japan na zamaninsa da ya kai tsayin da Nakata ya kai tsakanin 1997 da 2002, har da ƙwallon da ya ci Tunisiya da ka a Osaka a gasar cin kofin duniya ta 2002, ranar da Japan ta fara fitowa daga rukuni a tarihinta. Amma tambayar da aka buɗe zaren da ita ita ce ko barinsa da wuri ya rage masa, kuma amsata tana nan, ya rage. Makoto Hasebe ya ɗauki kofin gasar Bundesliga ta Jamus da Wolfsburg a 2009, ya ɗauki kofin Europa da Frankfurt a 2022 yana da shekara 38, ya yi wa Japan kyaftin a gasar cin kofin duniya uku, bai ajiye ba sai 2024. Idan za a jera su, dole a sa shekarun nan a kan sikeli.

Mamman Maraɗi:
Alhaji, kafin a rufe, ina da roƙo. Tunda kana Bauchi a lokacin, ko ka shiga wasansu da Potugal na zagaye na biyu, wanda aka tashi 1 da 1 aka je bugun fanareti? A filin nan aka yi shi, kuma ina so in ji daga bakin wanda ya zauna a wurin yadda Ono da Endo suka riƙe tsakiya a ranar.

Alhaji Ɗanjuma:
Na shiga, ɗana, kuma a wannan karon na samu wuri a ƙarƙashin rumfa. An kira sallar isha'i yanzu, idan na dawo daga masallaci zan rubuto muku abin da na iya tunawa, Malam Habibu kuma ya tsaya kusa domin ya gyara mini sunaye.